Neman shawara: kundina kan Morgana ya tsaya min a wuya

Ɗalibar aji huɗu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka min, kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Ina sashen Turanci, kundin digirina kan Morgan le Fay ne, matsafiyar labaran Sarki Arthur na Birtaniya. Tun ina sakandare nake son ta, lokacin da yayana ke kawo faifan shirin talabijin na Merlin na BBC, mu jira a kawo wuta mu cika ɗakin Umma har sai ta kore mu. Ranar da Morgana, kamar yadda ake kiran ta a shirin, ta juya wa 'yan gidansu baya sai da na yi kuka, don a ganina Sarki Uther, mahaifin Arthur, shi ne ya kai ta bango. Jiya malamin da ke duba aikina ya dawo min da babi na biyu, jan biro tun daga sama har ƙasa, ya rubuta a gefe wai na cakuɗa mata uku wuri ɗaya. Ya kuma yi tafiya. Saura mako uku a miƙa. In canza maudu'i ne?

Malamin adabi: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, malaminki ya yi gaskiya. A waƙar Vita Merlini ta Geoffrey na Monmouth, wajen 1150, Morgen ake kiran ta, mai magani ce, babba cikin 'yan uwa mata tara a tsibirin Avalon, kuma wurinta aka kai Arthur da rauninsa. Ba a ma ce 'yar uwarsa ce ba. Mawaƙin Faransa Chrétien de Troyes ne ya kira ta haka, kuma a wurinsa ma man shafawa na warkarwa take haɗawa. Sai a littattafan Faransanci na ƙarni na 13 ta zama abokiyar gabar Guinevere, matar Arthur, bayan sarauniyar ta raba ta da masoyinta Guiomar. Daga nan marubucin Ingila Thomas Malory ya ɗauka, a littafinsa da mai ɗab'i Caxton ya buga a 1485. Wacce daga ciki kika karanta?

Ɗalibar aji huɗu: Malam, na karanta Malory, amma ba duka ba. Na ga inda ta sace kuben takobin Arthur ta jefa a tafki. Ai ita ce dai uwar Mordred, wanda ya ci amanar Arthur, ko?

Malamin adabi: To ga matsalar nan. A Malory, Morgause, 'yar uwar Morgan, ita ce ta haifi Mordred. Ɗan Morgan shi ne Uwaine, ubansa Sarki Uriens. Fim ɗin Excalibur na 1981 yana cikin waɗanda suka haɗe Morgan da Morgause suka zama mace ɗaya. Ki rushe babin, ki jera su bisa zamani.

Maman 'yan biyu: Allah sarki. Kin ma yi sa'a naki yana karantawa. Nawa wata biyar aikina na kan teburinsa, ranar da na karɓo har da shatin kofin shayi a bango. Kar ki rushe komai, gyara abin da ya ja wa layi kawai ki miƙa.

Wani ɗan uwa: Ni tambayata, duk adabin duniya sai matsafiya? Ga Sarauniya Amina, ga Daurama. Canza kawai.

Ɗalibar aji huɗu: Yaya, ba tsafi nake koyo ba, yadda marubuta suka mayar da mai magani muguwa nake bi. Kuma Malam, ko a Malory ai tana cikin sarauniyoyin da suka ɗauki Arthur a jirgin ruwa a ƙarshe. Wadda ta so kashe shi ita ke jimamin rauninsa. Shi ya sa nake ganin mace ɗaya ce, ba uku ba.

Malamin adabi: Wannan hujja ce mai kyau, amma da nassi ake kafa ta, ba da shirin talabijin na 2008 ba.

Maman 'yan biyu: Malam, ku malamai haka kuke, mako uku fa ta ce.

Ɗalibar aji huɗu: Na gode duka. Sashen Merlin dai ba zan iya cirewa ba, shafi goma sha ɗaya ne. Akwai mai Vita Merlini a waya ya turo min?