Neman shawara: darasin motsa jiki ya gagare ni

Assalamu alaikum, iyayenmu da abokan aiki. Ni malami ne a wata ƙaramar sakandare, kuma an ɗora mini darasin motsa jiki da kiwon lafiya, alhali kimiyya na karanta a kwalejin ilimi. Kowane aji ya haura yara saba'in, ƙwallo ɗaya gare mu, darasin kuma minti 40 ne. Idan na fitar da su fili, ƙarfafan maza ne ke kwashe ƙwallon, 'yan mata su koma gindin darbejiya su zauna, sauran kuma su yi ta gararamba har a kaɗa ƙararrawa. Idan kuwa na zaunar da su ina rubuta musu dokokin wasanni a allo, sukan ci jarrabawa amma ba wanda ya yi gumi. Don Allah masu gogewa su nuna mini yadda ake koyar da darasin nan ya yi amfani.

Tsohon malamin wasanni:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ma'aunin wannan darasi guda ne: a cikin minti 40 ɗin nan, minti nawa kowane yaro ya yi yana motsi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum, kuma akwai yaran da in ba a hannunka ba, ba inda za su samu ko rabin haka. Babban abin da ke cinye lokaci shi ne layi, domin idan ka jera yara saba'in suna jiran bugun ƙwallo ɗaya, kowannensu zai taɓa ta sau ɗaya ne kawai kafin a tashi. Ka raba su rukuni-rukuni na mutum takwas zuwa goma, kowane rukuni da shugabansa da wurinsa: waɗansu tsallen igiya, waɗansu gudun miƙa sanda, waɗansu jifa da cafkewa da ƙwallon tsumma, waɗansu langa. Bayan minti shida ko bakwai ka busa usur su yi musaya. Kada kuma ka raina langa don wasan dandali ce, ana yin ta a gasar wasanni ta ƙasa tare da dambe da kokawa, kuma ba ta bukatar ko sisi.

Sannan abu ɗaya za ka koyar a rana, ka nuna shi da jikinka maimakon dogon bayani. Idan miƙa ƙwallo ne, ka dasa ƙafa ɗaya a gefenta, ka buga da cikin ɗayar, su gani sau biyu, sai su fara, kai kuma kana zagayawa kana gyara wa kowa da sunansa. Kada ka bar yara biyu su zaɓi 'yan wasansu, domin wanda kullum ake zaɓa a ƙarshe ba zai sake son fili ba.

Wata malama:
Malam, zaman 'yan matan nan ba lalaci ba ne, kunya ce, kuma suna da gaskiya, tunda ba budurwar da za ta yi tsalle samari suna kallonta. Ka ware musu gefe guda, ka roƙi wata malama ta tsaya tare da su, ka kuma sanar da su tun jajibiri don su sa wando a ƙarƙashin kayan makaranta. Ka fara da gaɗa, wadda sun san tafinta da waƙarta. Wadda ta ce ba ta jin daɗi a ranar, kada ka tsananta bincike.

Wani ma'aikacin lafiya:
Kafin komai, ka san masu sikila da masu asma a kowane aji, domin wahala da ƙishirwa na tayar da sikila, ƙurar hunturu kuma na tayar da asma. A watannin Maris da Afrilu ka nemi shugaban makaranta ya mayar da darasin farkon safiya, a kuma ajiye ruwan sha a bakin fili, da azumi kuwa a sassauta. Ina kuma roƙon malamai su daina hora yara da tsallen kwaɗo, domin yaron da aka saba hukunta shi da motsa jiki ba zai ɗauke shi abin so ba.

Wani malami:
Na yarda da Baba, amma kada a watsar da allo gaba ɗaya, saboda jarrabawar kammala ƙaramar sakandare a takarda ake yin ta. Ni dai nakan koyar da dokokin a filin: yara su shata layuka da toka da hannunsu, ɗaya ya zama alƙalin wasa, sannan a minti biyar na ƙarshe su rubuta abin da suka yi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, yaya zan yi da rukunin da ya ɓarke da rigima ina can wajen wani?

Tsohon malamin wasanni:
Ka riƙa tsayawa a gefen fili inda idonka zai ga kowa, ba a tsakiya ba, sannan wanda ya fi fitina ka naɗa shi shugaban rukuni, ka damƙa masa igiyar da ƙidayar maki, ka ce masa shi za ka tuhuma idan aka yi faɗa.