Su Baba sun koma ƙauye a ƙasar Daura, sun kasa sabawa da maƙwabta: ina neman shawara

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. Mahaifinmu ya haura shekara 70, ya yi aikin gwamnati a Kaduna har ya yi ritaya. Bayan girbin bana suka tattara shi da Inna suka tare a gidan da ya gina cikin gonarsa, a gefen wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Sandamu. Asalinmu 'yan cikin garin Daura ne, ba mu da dangi a ƙauyen, gonar ma saye ya yi. Mu 'ya'yansa kuma duk muna nesa.

Zaman bai yi daɗi ba har yanzu. Ba ya fita sai ranar Juma'a saboda ciwon gwiwa, ga kunnensa na hagu ya yi nauyi, kuma labari ya iso mana cewa ana kiransa mai girman kai. Awakin maƙwabci sun cinye masa zogale da dashen mangwaro, ya yi faɗa sosai, tun ranar ba su ƙara gaisawa ba. Akwai wani saurayi da ke zuwa kullum yana yi masa hidima, ba mu san ko ɗan waye ba. Inna ba ta da abokiyar hira. Baba na da hawan jini, Inna na da ciwon suga. Akwai rijiyar burtsatse mai sola a gidan. Ta ina za mu fara gyara?

Wani mai unguwa:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Tambayar farko: an kai su Baba wurin mai unguwar wannan gefen? Yadda kika faɗi zancen, da alama ba a kai su ba, kuma daga nan matsalar ta faro. A ƙauye ba a shiga gari ta bayan gida. Balle yanzu da halin tsaro ya sa jama'ar jihar nan ke sa ido kan duk baƙuwar fuska, mutumin da ya gina gida a gefen gari, ya rufe ƙofa, ba wanda ya san asalinsa, dole a yi ta zancensa.

Yayanku namiji ya zo da kansa. A aika wa mai unguwa tun ana gobe cewa za a zo gaisuwa, a je bayan la'asar, kada a zaɓi ranar Lahadi domin yawancin magidantan yankin suna kasuwar Mai'adua. A riƙe goro hamsin da ɗan dabino, ya wadatar. Kada a kai ambulan mai kauri, zai sa a auna Baba da kuɗi tun daga ranar farko. A cire takalmi a ƙofar zaure, a gaisa a tsanake, sannan yayan ya ce, "Mun yi laifi, mun shigo gari ba mu yi sallama ba." Daga nan ya faɗi sunan mahaifin Baba da unguwarsu a Daura, wanda ya sayar da gonar, da mutum nawa ke kwana a gidan. Mai unguwa ne zai raka su wurin dagaci, kada ku tsallake shi ku tafi can kai tsaye, yana jin ciwon hakan ko bai nuna ba. Bayan dagaci sai liman.

A duk wuraren nan uku a faɗi maganar kunne a fili. Mutum ya yi sallama daga hagu, dattijo bai amsa ba, shi ke nan an rubuta masa girman kai. Da zarar liman ya sanar bayan sallar magariba cewa Alhaji ba ya ji sosai ta ɓangare guda, a riƙa matsowa ta dama, rabin zancen ya mutu.

Wani malamin Islamiyya:

Na goyi bayan mai unguwa. Abin da zan ƙara shi ne mutane ba sa sabawa da wanda ba sa gani. Idan gwiwa ba za ta bari ya je salloli biyar ba, ya zaɓi guda biyu ya riƙe, misali la'asar da magariba, ya zauna a majalisar ƙofar masallaci tsakaninsu. A ajiye masa kujerar roba a masallacin. Kullum a lokaci guda ya fi amfani da zuwa sau ɗaya da babbar kyauta, domin ranar da ba a gan shi ba wani zai ce a je a duba Alhaji, kuma wannan shi ne abin da kuke nema.

A watannin farko ya yi saurare ya fi magana. Kada ya gyara wa liman karatu a gaban jama'a, kada ya shiga gardamar ƙabalu da sadalu, kada ya tsoma baki a siyasar gari ko rikicin gado. Ya kuma rage "a Kaduna kaza muke yi". Wurin zama a sahun gaba ma galibi akwai dattawan da aka san su da shi shekara da shekaru, ya lura kafin ya zauna.

Abin da ba a yafewa a ƙauye shi ne rashin zuwa jana'iza. Ko bai san mamacin ba, a ɗauke shi a babur ya je sallah, in ba zai iya zuwa maƙabarta ba ya tsaya wurin zaman makoki, ya koma washegari. Suna kuma da sassafe ake yi, ya je ya karɓi goronsa ya yi addu'a.

Game da maƙwabcin awaki, Allah ya ambaci maƙwabci na kusa da na nesa a Suratun Nisa'i aya ta 36, kuma da Nana A'isha ta tambayi Annabi (SAW) wanne daga maƙwabtanta biyu za ta yi wa kyauta, ya ce wanda ƙofarsa ta fi kusa. Idan mai awakin ne mafi kusa, daga gidansa za a fara.

Tsohon malamin gona:

Batun awaki ku ji da kyau, domin a al'adar ƙauye Baba ne ba shi da gaskiya. Da damina ake ɗaure dabbobi a turke, wanda tasa ta yi ɓarna a lokacin shi ke da laifi. Da an gama kwashe amfani sai a sake su su yi kiwo a ƙaikayi da harawar da ta rage. Duk mai shuka da rani, kare shukarsa a wuyansa yake. Saboda haka Baba ya taka har ƙofar maƙwabcin ya ce bai san tsarin garin ba, a yi haƙuri. Kada a doki akuya, kada a kulle ta, kada a kai magana wurin 'yan sanda. Zo mu zauna, zo mu saɓa ne.

Gyaran kuwa: kowane dashe a kewaye shi da ƙayar magarya ko bulo da aka jera ba siminti, tsayin ya kai ƙirjin mutum, domin akuya na miƙewa da ƙafafun baya. Wajen zogale a yi masa darni na karan dawa ko gero, a kafa dirkoki duk taku biyu, a ɗaure da tanka sama da ƙasa. Darni gara na cin sa, shekara ɗaya zuwa biyu ya faɗi, don haka a dasa aguwa a jikinsa. Reshe ake sara a kafa a ƙarshen rani kafin ruwa ya sauka, a jera kusa da kusa, tazarar taƙi guda. Dabba ba ta cin ta. A kiyaye ƙaronta da ido, yana ƙuna.

Abin da ya fi awaki haɗari shi ne iyaka, kuma rigimarta ba ta tashi sai ranar shuka. Kafin ruwan farko a tara wanda ya sayar, da masu gonakin gabas, yamma, kudu da arewa, da mai unguwa, a zagaya iyakar da ƙafa. A kafa turakun siminti a kusurwoyi, a dasa gamba ko aguwa tsakani. A rubuta takarda, shaidu su sa hannu, dagaci ya buga hatimi. Daga nan a nemi takardar mallaka ta gargajiya a ƙaramar hukuma, domin dokar filaye ta 1978 ita ta bai wa ƙananan hukumomi wannan iko a kan filayen karkara. A wurin zagayen a tambayi abu uku a gaban kowa: itatuwan da ke gonar, irin su ɗorawa, tsamiya, kuka da gawo, sun shiga cinikin ko akwai magada da ke da haƙƙin 'ya'yansu? Akwai hanyar ƙafa da mutane suka saba bi zuwa rijiya ko gona? Gonar ta taɓa burtali? Wanda ya toshe hanyar da aka gada, ko ya nome burtali, ya sayi gabar da ba ta ƙarewa da manoma da makiyaya baki ɗaya.

Wata uwa mai sana'ar abinci:

Ku maza kun manta da Inna. Ita ta hanyar mata za ta shiga. Ɗaya daga cikinku 'yan mata ta zo ta kwana biyu, ta raka ta bayan magariba gidan mai unguwa, gidan liman, da gidajen da ke kusa. Sabulu sanda ɗaya ko ɗan gishiri da magi ga kowace uwargida ya isa. A nemi sanin ungozomar garin, ita ta san kowane gida, ita za ta riƙa sanar da Inna haihuwa da biki da rashin lafiya.

Ranar Juma'a ta ƙara hannu a tukunya ta aika gida biyu ko uku. Idan an aiko mata, kada ta mayar da kwano ba komai, ko gyaɗa ce ta zuba. Kada ta ce ba ta cin tuwon gero ko miyar kuka saboda suga, ta karɓa ta yi godiya, yara su ci. Ta riƙa sayen ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, daddawa da nono a hannun matan garin, ko da kun kawo mata daga birni. Gudummawar biki ta yi daidai da yadda ake yi a garin, domin abin ramawa ne, in ta kai mai yawa ta ɗora wa matar nauyin da ba za ta iya saukewa ba. Islamiyyar matan aure ma ta shiga. Yara kuwa su ne gada tsakanin gidaje, Baba ya riƙa wasan kaka da jika da su a dakali, iyayensu za su biyo.

Wani mai gyaran famfo da sola:

Ruwan nan zai iya zama alheri, zai iya zama fitina. Kada a buɗe gida kowa ya shigo ɗiba. A ja bututu ta katanga a sa kan famfo biyu a waje, da makunni a ciki. A sa lokaci, misali ƙarfe 10 zuwa 12 na rana da kuma bayan azahar, lokacin da rana ke da ƙarfi injin na cika tanki. Idan aka bari ana ɗiba da yamma lis, tanki zai kwana ba ruwa. A yi daɓen siminti da rami mai tsakuwa don ruwan da ke zuba, in ba haka ba zai kwanta a jikin katangar ƙasa ta maƙwabci ko ya tara sauro. Mai unguwa ya naɗa wanda zai kula da layi, kada Baba ya zama mai korar yara. A kuma faɗa tun farko cewa ranar da inji ya lalace sai an yi haƙuri. Abin da aka fara aka daina ya fi wanda ba a fara ba jawo magana.

Wata ma'aikaciyar lafiya:

'Yar'uwa, ni abin da ya dame ni shi ne dare. A samu lambar maƙwabta biyu mafi kusa, mai babur ɗaya, mai mota ɗaya, da ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi na yankin. A rubuta da manyan baƙaƙe a manna a bango, a kuma sa a wayar su Baba. A gwada layukan waya a cikin ɗakin kwana, a riƙe wanda ke kamawa a can. Makullin gida guda ya zauna a hannun wanda mai unguwa ya amince da shi.

A gaya wa waɗannan maƙwabtan abin da za su lura da shi. Baba: idan baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, ko magana ta sarƙe, shanyewar ɓarin jiki ce, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu domin zai iya shaƙewa, a kwantar da shi ta gefe a nufi babban asibitin Daura nan take. A saya masa na'urar awo, in ta nuna 180/120 ko sama tare da ciwon kai mai tsanani, ciwon ƙirji ko dishi-dishin gani, ba a jiran safiya. Inna: idan ta kama gumi da rawar jiki da ruɗewa, galibi suga ne ya faɗi, in tana iya haɗiya a ba ta sukari cokalin shayi uku a ruwa, in ba ta cikin hayyacinta kada a sa mata komai a baki. Magani kuma a riƙa ajiye na wata guda gaba. Gida ne cikin gona, da damina akwai maciji: tocila da takalmi rufaffe da dare, in an yi sara kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, a hana ƙafar motsi a ɗauki mutum zuwa asibiti.

Mai neman shawara:

Allah ya saka da alheri. Saura saurayin. Mu sallame shi ne?

Wani mai unguwa:

A'a, kada ku sallame shi ba laifi, iyayensa za su ji, kuma mai yiwuwa yaron kirki ne mai neman albarka. Ku tambayi mai unguwa ko ɗan waye, yayanku ya je ya gaida mahaifinsa, ya zama an san da saninsa yaron ke zuwa. A yanka masa aiki da lada a fili: ɗebo cefane, ban ruwan dashe, kai Baba masallaci, a biya shi duk mako. Iyakarsa zaure da tsakar gida, ban da ɗakin kwana. Katin banki da lambar sirri kada su shiga hannunsa ko na wani, in za a cire kuɗi Baba ya je wurin mai POS da kansa, kuma ku daina faɗin ranar da kuka turo kuɗi a waya yana kusa. A ƙara yaro na biyu daga wani gidan daban su riƙa karɓa-karɓa, domin dattijon da mutum ɗaya kawai ke shiga wurinsa, duk labarin gari ta bakin mutum ɗayan zai riƙa jin sa. Masu zuwa rance ma za su zo. Baba ya ware abin da zai iya bayarwa kyauta a wata, in ya ƙare ya ce sai wani watan, kada ya ba da bashin da zai kai shi ga bin mutum har gida.