Masu haɗa na'ura a ƙungiya, ya kuke yi da zane?

Injiniya daga Barnawa: Salamu alaikum 'yan uwa. Mu huɗu muka haɗu za mu ƙera injin casar shinkafa mai aiki da sola, kowa da nashi fayil ana ta turawa a WhatsApp. Mai kula da ɓangaren wuta ya canja mota, wato motar lantarki mai juya injin, daga kilowat 1.5 zuwa 2.2, ya rubuta a nashi lissafin shi kaɗai, sai ranar haɗawa a Panteka muka ga inbata ba ta ɗauka, ramukan da aka huda a firam ma ba su hau ƙafar sabuwar motar ba. Wallahi na ji zafin kuɗin ƙarfen nan. Akwai wanda ya gwada MBSE, wato tsara aiki gaba ɗaya a samfuri guda a kwamfuta maimakon fayil-fayil?

Mai walda, Panteka: Oga kullum muna ganin haka. An taɓa kawo min shaf na inci 1 da boris na milimita 25, inci ɗaya kuwa 25.4 ne, ƙiris ɗin nan ya hana shi shiga, sai da muka koma wajen mai injin gyara ƙarfe (lathe) ya rage.

Injiniya mace, Unguwar Rimi: Malam ko NASA abin ya taɓa ci, a 1999 kumbonsu Mars Climate Orbiter ya salwanta don wani ɓangare ya yi lissafin ƙarfi da ma'aunin fam wani da ma'aunin niyuton. Ni na yi amfani da Capella, manhajar MBSE ce ta kyauta, wasu kuma SysML, wani salon zana tsarin na'ura, suke zanawa da shi. Samfuri ɗaya ne kowa ke shiga, ka rubuta buƙata, misali buhu nawa a awa, ka ɗaure ta da mota, motar da inbata da batir, to ranar da wani ya taɓa motar za ka bi zaren ka ga duk abin da ya shafa tun ba a yanka ƙarfe ba. Mu ya cece mu a aikin famfon noman rani, mun gano fanel ɗin sola ba za su isa ba kafin mu biya.

Ɗalibi, Tudun Wada: Anti gaskiya ne amma koyonsa ba wasa ba, sati uku ina fama ga rashin wuta, kuma masu walda ba za su buɗe shi ba.

Mai walda, Panteka: Ku buga mana a takarda ɗaya da kwanan wata a sama, tsohuwar ku yage ta a gabanmu.

Injiniya daga Barnawa: Na gode ƙwarai. Hajiya don Allah turo min yadda kika tsara na famfon, ranar Asabar za mu zauna.