Shawarwari ga marubuci mai zaman kansa a Katsina da Daura

Maganar kuɗi ce ta farko, kuma ta cancanta. Kada ka fara aiki sai an rubuta yarjejeniya: yawan kalmomi, ranar miƙawa, sau nawa za a dawo maka da gyara (biyu sun isa), sannan a ba ka rabin kuɗin tun farko. Ƙungiyoyin agaji sukan cire haraji kafin su biya, don haka ka tambaya ko farashin da aka faɗa kafin cirewa ne, ka kuma tanadi lambar harajinka. Kuɗin mota zuwa ƙauye a rubuta shi daban, shi ke cinye riba.

Wanda zai rubuta kan Rijiyar Kusugu ko hawan Sallar Gani a Daura ya fara gaida masu kula da wurin, ya nemi izini kafin ya ɗaga kyamara. Hasumiyar Gobarau da ke Katsina da safe ake ɗaukarta, kafin rana ta take ta dusashe launin ginin. Labarin Bayajidda kuwa tarihin baka ne, a rubuta shi a haka.

A aikin ƙungiya, takardar amincewa da hira ko hoto a karanta wa mace da Hausa kafin ta dangwala yatsa. Yaro sai da yardar iyayensa, kuma ba a haɗa hotonsa da sunan unguwarsu.

Kafin a buga, ka duba ƙ, ɗ da ɓ da idonka. Wasu haruffan kwamfuta ba su da lanƙwasa, sai "ƙasa" ta koma "kasa".