Kan fitowa idan 'yan wasa suna fita daga wannan ɗaki zuwa wancan

Mai Koyon Rubutu:
Assalamu alaikum. Ina rubuta labarin fim, kuma akwai wurin da wata mata take tashi daga falo ta shiga kicin, ta wuce ɗakin kwana, mijinta yana biye da ita suna cacar baki ba tare da maganar ta yanke ba. Shin kowane ɗaki sai na ba shi cikakken kan fitowa, wato CIKI ko WAJE da sunan wuri da lokaci, ko kuwa akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi?

Malama Alƙalami:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙa'ida ita ce duk lokacin da wuri ko lokaci ya sauya, a yi sabon kai. Amma tunda gida ɗaya ne, ka buɗe da cikakke: CIKI. GIDAN MA'AURATA - FALO - DARE. Idan ta shiga kicin, sai ka rubuta KICIN shi kaɗai a layinsa da manyan baƙaƙe, ka ɗora da abin da take yi. Dalilina shi ne, ana ƙiyasta shafi ɗaya a matsayin minti ɗaya na fim, kuma idan ka yi ta maimaita dogon kai a tsakiyar rigima, zafinta zai huce a idon mai karatu tun kafin su isa ɗakin kwana.

Mai Tsara Ɗauka:
Malama, na yarda da ke muddin rubutun na karantawa ne. Idan aka zo ɗauka kuwa, magana ta sauya, domin sau da yawa falon yana wani gida, kicin ɗin yana wani, kuma ba lallai a ɗauke su rana ɗaya ba. Kowace fitowa tana buƙatar lambarta, kuma manhajar rubuta labarin fim irin Final Draft daga cikakken kai take tattaro jerin wurare. Saboda haka a wannan matakin nakan rubuta CIKI. GIDAN MA'AURATA - KICIN - CI GABA, amma sai in babu tazarar ko daƙiƙa ɗaya tsakanin fitowar biyu.

Mai Koyon Rubutu:
Na gode muku. To, idan daga ƙarshe ta fice harabar gidan fa?

Malama Alƙalami:
A nan dole ka yi cikakken kai da WAJE, ko a rubutun farko ne, domin masu haske da masu sauti da wannan kalmar suke sanin kayan da za su tanada.