Sulken netherite a Minecraft: kwalliya tana biyan kuɗin sabulu kuwa?

Sadiku: Jama'a, ina nan a kan bakana: neman sulken netherite ɓata lokaci ne ga yawancin masu buga wasan kwamfuta na Minecraft. Netherite ƙarfe ne na cikin wasan da ake haɓaka sulken daimon da shi. Cikakken sulken daimon maki 20 ne, na netherite ma 20: kwalkwali 3, riga 8, wando 6, takalma 3. Layin sulken da ke saman zukatanka cike yake a duka biyun. To don me mutum zai je yana haƙa a Nether, duniyar wuta ta cikin wasan, narkakken dutse yana kwararo masa?

Habiba: Malam Sadiku, layin nan ba ya nuna tauri, kuma can bambancin yake. Kowane yanki na daimon taurinsa 2, jimilla 8. Na netherite 3, jimilla 12. Sulken baƙin ƙarfe ba shi da ko ɗaya. Tun sigar 1.9 ta Minecraft Java, a 2016, bugu mai ƙarfi yana huda sulke. Ga yadda ake lissafin: ka raba ƙarfin bugun da 2 in ƙarfe ka sa, da 4 in daimon ne, da 5 in netherite ne. Abin da ka samu ka cire shi daga makin sulkenka, amma ragowar ba ta sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na makin. Kowane maki da ya rage yana kashe kashi 4 cikin 100 na bugun. Bugun maki 10 ke nan, daimon ya koma 17.5, ya tare kashi 70, ka sha 3. Netherite ya koma 18, ya tare kashi 72, ka sha 2.8.

Sadiku: Ai kin gama yi mini aikin, Hajiya. Tsakanin 3 da 2.8 ko rabin zuciya, wato makin rai ɗaya, babu. Yanzu dubi farashi. Kowane curin netherite yana cin ancient debris (ma'adinin da ake haƙowa a Nether) 4 da zinariya 4, wato 16 da 16 ga cikakken sulke. Tun sigar 1.20 kuma sai da allon ƙira na haɓakawa, wanda sai a cikin bastion, wani kangon gini a Nether, ake samunsa, kuma yana ƙarewa da an yi amfani da shi. Kwafinsa ɗaya daimon 7 ne da netherrack ɗaya, wato dutsen Nether. In ɗaya ka samo kana buƙatar huɗu, kwafi uku ke nan, daimon 21. Cikakken sabon sulke fa daimon 24 ne kacal.

Nura: Ku biyun kun bar babban abu a gefe. Sihirin da ake sa wa sulke ya fi irin ƙarfen tasiri nesa ba kusa ba. Protection IV, sihirin kariya mataki na huɗu, yana ba da maki 4 a kowane yanki, huɗu su ba da 16, kowane maki kashi 4, wato kashi 64 na abin da ya tsallake sulke. Ba a haɗa su wuri ɗaya a tara: sulke ya fara rage nasa, sannan sihiri ya rage daga ragowar. Ku gwada da ƙarfe. Makinsa 15, bugun 10 ya mai da shi 10, ya tare kashi 40, saura 6. Sihiri ya bar 2.16. Netherite tsirara 2.8 muka samu. Ƙarfe mai Protection IV ya doke netherite marar sihiri, ko a bugun 30 ma haka ne, 9.5 da 13.2.

Habiba: Na yarda da Yaya Nura a kan abin da za a fara nema. Amma tambayar ita ce wanda ya riga ya gama sihirinsa, ya tsaya ko ya ci gaba. Sadiku ya zaɓi ƙaramin bugu ne don ya dace da maganarsa. Dodon nan Warden, a matakin wahala na Hard, maki 45 yake bugawa da hannu. Daimon: 45 a raba da 4, 11.25, saura 8.75, ya tare kashi 35 kawai, 29.25 ya wuce, sihiri ya mai da shi 10.5. Netherite: saura 11, kashi 44, 25.2 ya wuce, ya koma kimanin 9.1. Rai maki 20 ne. Bugu biyu a jere, mai daimon ya sha 21 ya mutu, mai netherite ya sha 18 da ɗoriya yana tsaye da sauran numfashi.

Sadiku: Wanda ya tsaya Warden ya buge shi sau biyu ai ba sulke ne matsalarsa ba. Kuma ƙarar da yake harbowa daga ƙirji ba ruwanta da sulke ko sihiri, duka biyun take ratsawa.

Ilya: Ni dai abin da na sani, netherite ba ya ƙonewa. In ka faɗa narkakken dutse da shi ka tsira.

Nura: A'a ƙanena, sulken ne ba ya ƙonewa, kai kana ƙonewa sarai. Abin da ake nufi, in ka mutu a ciki, kayan netherite za su taso su yi iyo a sama, na daimon kuwa su tafi har abada da duk sihirin da ke kansu. Su ma in ba ka koma da wuri ba, minti 5 suke yi su ɓace muddin yankin yana a buɗe. Mai son tsira da ransa ruwan maganin Fire Resistance, mai hana ƙonewa, zai riƙe. A kuma lura, wutar da ke ci gaba da cin jikinka bayan ka fito sulke ba ya rage ta. Haka faɗowa daga sama, nutsewa, guba da ciwon Wither mai cin rai a hankali. Protection yana rage waɗannan duka, shi ya sa nake fifita shi. Yunwa da faɗawa ramin da ba shi da ƙasa kam babu mai tare su.

Habiba: Wannan ma hujjata ce. Littattafan Protection IV huɗu, da Mending mai gyara sulke, da Unbreaking III mai ƙara masa ƙarko, aiki ne mai yawa da matakan gogewa masu yawa, kuma haɓakawa ba ya goge sihirin da ke jikin daimon. Ga kuma juriyar turewa, kashi 10 a kowane yanki, 40 gaba ɗaya. Hoglin, aladen dajin Nether, ko kibiyar ƙwarangwal ba sa jefa ka nesa a bakin gada. A Nether turewar ma tana kisa, ba bugun kaɗai ba.

Ilya: To in na sa Blast Protection, sihirin kariya daga fashewa, a duka huɗun saboda creeper, dodon nan mai fashewa, fa?

Nura: Asara. Makin sihiri iyakarsa 20, kashi 80. Blast Protection IV maki 8 ne, huɗu 32, ka zubar da 12 a banza, kuma ba a haɗa shi da Protection a yanki ɗaya. Protection uku da Blast ɗaya sun kai 20 cif a kan fashewa. Farashinsa, sauran bugu ya sauko daga kashi 64 zuwa 48, wato kana shan 52 maimakon 36 a duk takobi da kibiya. Sai in fashewa ce sana'arka, kamar mai haƙar ancient debris da gadaje, waɗanda ke fashewa a Nether. Feather Falling IV, mai rage raunin faɗuwa, daban yake, yana zama tare da Protection a takalmi, makinsa 12, ya cike maka 20 a kan faɗuwa.

Sadiku: Maganar ƙarko ma ba ta taimaki netherite sosai ba: riga 592, ta daimon 528, kuma da Mending duk ɗaya ne. Iyakar abin da zan sassauta, mai allon ƙira ɗaya ya sa shi a riga, tunda ita ce mafi tsada in ta ƙone. Wando da sauran su jira.

Habiba: Kada ya sa shi a riga tukuna. Ya fara kwafinsa da daimon 7, in ba haka ba sai ya sake komawa bastion neman wani. Kuma tauri ɗaya tak rigar za ta ƙara masa, 8 ya zama 9, bugun Warden ɗin nan ya sauko zuwa kusan 10.1. Biyu har yanzu sun haura 20.