Masu neman gurbin STP a Ingila: yaya ake tunkarar jarrabawar SJT?

Ummi Ƙarama: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na zaure. Shawara nake nema. Digirina na farko a Najeriya na yi shi, na biyu kuma a nan Ingila, a kan ƙwayoyin gado. Ina son neman STP, shirin horar da masana kimiyyar asibiti, idan an buɗe a Janairu. Abin da ya tsaya min a rai shi ne SJT ɗin nan, jarrabawar auna yadda mutum zai yanke hukunci a wurin aiki. Wasu sun ce ba a yi mata karatu, wasu kuma sun ce a nan ake zubar da mutane. Na ga wani shafi yana sayar da tambayoyin gwaji, in saya?

Baban Khalil: Wa alaikumus salam. Ummi, ajiye kuɗinki tukuna. Kin karɓi takardar UK ENIC?

Ummi Ƙarama: A'a Baba, na ɗauka tunda na yi mastas a nan ba sai na nema ba.

Baban Khalil: Nemi ta yanzu, ba ta fitowa a rana ɗaya. Ita ce ke nuna matsayin digirin gida a ma'aunin Birtaniya. Ƙa'idar shiga ita ce daraja ta ɗaya ko 2:1 a fannin kimiyyar da ya dace, mai 2:2 kuma sai ya haɗa da mastas ko digiri na uku a fannin. Shafin Oriel da ake cike fom a kansa 'yan makonni kawai yake yi a buɗe, in an rufe sai baɗi.

Sagir Injiniya: Ku yi haƙuri, ni baƙo ne a zancen. Wannan shi ne aikin su Anti Rabi na dakin gwaje-gwaje?

Anti Rabi: A'a ɗana, kuma gara da ka tambaya, don mutanenmu da yawa suna haɗa su. Ni da takardar gwajin asibiti ta gida na zo, IBMS, ƙungiyar masu gwajin asibiti, da HCPC, hukumar rajistar ma'aikatan lafiya, su ne hanyarmu, mu ne a kan injuna da samfura. Shi STP horo ne na shekara 3 a asibitin NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, ana biyan mutum albashin mataki na 6, yana aiki yana kuma karatun mastas a jami'ar da aka haɗa shi da ita. In ya gama sai ya yi rajista da HCPC a matsayin masanin kimiyyar asibiti, wanda ke fassara sakamako, ya ba likitoci shawara, ya kawo sabon gwaji. Duka sunayen biyu, nasu da namu na masu gwajin asibiti, doka ce ta tsare su, ba wanda zai laƙaba wa kansa. Kai ma da ka karanta injiniya akwai ɓangarenku, na na'urorin asibiti. Akwai na masu fiziks da ke lissafin hasken da ake ƙona ciwon daji da shi, akwai na ji, na zuciya, na numfashi da barci, har da na dashen ƙwan haihuwa.

Yaya Sadiya: Ummi, ina shekara ta biyu a cikin shirin, bari in gaya miki yadda take. A kwamfuta ake yi, ta hannun kamfanin jarrabawa na Pearson VUE, bayan kin tura fom. Ba za a tambaye ki kimiyya ba ko ɗaya. Labari za a ba ki na wani abu da ya faru a wurin aiki, ke kina matsayin mai koyo, a jero matakan da mutum zai iya ɗauka, ki auna dacewar kowanne. Kowane mataki ki auna shi shi kaɗai, kada ki ce tunda na sama ya yi kyau dole na ƙasa ya zama mara kyau. Biyu za su iya dacewa a labari ɗaya. Kuma sai kin haye wannan za a karanta dogon rubutun da kika yi a fom, shi ya sa ake jin zafinta.

Ga irin abin, ni na ƙirƙira shi yanzu. Kin lura wata babbar ma'aikaciya, wadda ta girme ki kuma ita ke koya miki, ta saki sakamakon marasa lafiya alhali gwajin tabbatar da ingancin injin na safiyar ya fita daga iyaka. Na ɗaya, ki yi shiru tunda ta fi ki sani. Na biyu, ki same ta a gefe nan take ki nuna mata abin da kika gani. Na uku, ki rubuta wa shugaban asibiti ƙara. Na huɗu, ki shiga na'ura ki janye sakamakon da kanki ba tare da kin gaya wa kowa ba. 'Yan zaure ku gwada.

Sagir Injiniya: Na huɗu mana. An tsare marasa lafiya, ba a kunyata dattijuwa ba.

Maman Hanif: Ni dai gaskiya da na biyu zan tafi, amma bakina zai yi nauyi. Yaya yarinya za ta tsaya gaban sa'ar uwarta ta ce kin yi kuskure?

Yaya Sadiya: Sagir, naka yana da kyau a ido amma ya faɗi ta hanya biyu. Mai koyo ba shi da hurumin janye sakamako shi kaɗai, sannan ka ɓoye abin, gobe a sake yi ba wanda ya san dalili. Na biyu ne mai ƙarfi, na ɗaya ne mafi muni. Na uku ba laifi ne na rashin gaskiya ba, amma an tsallake ita matar, an tsallake mai kula da horonki da shugaban sashe, kuma kafin wasiƙar ta isa likita ya riga ya yi aiki da sakamakon.

Maman Hanif, abin da kika faɗa shi ne ainihin inda muke shan wahala. An rene mu da kara, babba ba ya kuskure a bakin yaro. Su kuma a nan lafiyar majinyaci ce a gaba da komai, kuma ba su ɗauki faɗar gaskiya ga babba a matsayin rashin kunya ba in an yi ta cikin ladabi kuma a keɓe. Ladabin namu ma riba ne. Ba za ki ce kin yi kuskure ba, za ki ce na ga kaza a rajistar safe, ko akwai bayanin da ban sani ba? Wataƙila ma ta riga ta sake gwajin ke ba ki gani ba.

Dakta Bashir: In ƙara a kan na Sadiya, don a san daga ina tunanin ya fito. A 2013 aka fitar da rahoton Robert Francis a kan asibitin Stafford, inda marasa lafiya suka wulaƙanta shekaru ana gani, ma'aikata da yawa suka yi gum saboda tsoro. Shawarwari 290 ya bayar. Bayansa aka kafa dokar da ta wajabta wa asibiti gaya wa majinyaci gaskiya in an cutar da shi, a 2014, sai kuma binciken 2015 da ya haifar da jami'an da ma'aikaci zai kai wa kokensa ba tare da fargaba ba. Duk wanda ya san wannan tarihin zai gane me ya sa shiru kusan kullum yake ƙasa a jarrabawar. Sai dai ban yarda da masu cewa kai ƙara sama shi ne amsa a kowane hali ba. Abokin aiki ya makara sau biyu, ko ya bar teburi kaca-kaca, ba manaja ake rugawa ba, shi ake fara tambaya ko lafiya. Wanda ke kai komai sama suna ganinsa a matsayin wanda ba ya iya ɗaukar nauyin komai.

Ummi Ƙarama: To Dakta, me zan karanta ke nan?

Dakta Bashir: Abu uku, duka kyauta. Kundin tsarin NHS, mai ɗauke da ɗabi'u 6 da suke taƙama da su, irin su tausayi, mutunta majinyaci da cewa kowa yana da daraja. Ƙa'idojin ɗa'a na HCPC, ki tabbata wanda aka sabunta a 2024 ne. Sai Good Scientific Practice na AHCS, cibiyar masana kimiyyar lafiya, wanda shi ne na masana kimiyya kai tsaye. Kada ki haddace. Karanta sakin layi ɗaya, ki rufe, ki tambayi kanki yaya wannan zai kasance ranar Litinin da safe ana ƙarancin ma'aikata.

Baban Khalil: Ni ina ganin tambayoyin gwaji suna da amfani, ko don sabo da agogo. Ɗana ya yi na UCAT lokacin neman karatun likita, akwai sashen irin wannan a ciki, kuma na shafinsu ba a biya.

Yaya Sadiya: Haka ne Baba, don sabo da salon yana taimakawa. Amma ta kula, na UCAT ɗalibin likita ake sa ka zama, na sababbin likitoci kuma suna da ikon da mai koyon kimiyya ba shi da shi. Ta fara da misalan da ita makarantar NSHCS mai gudanar da STP ta bayar da bayanin shekarar, su ne suka san abin da suka shirya. Masu sayar da tambayoyi ba su suka rubuta jarrabawar ba, hasashe suke yi kamar kowa.

Anti Rabi: Akwai wani da ya fi shafar mu 'yan ƙasar waje, sirri. Mu kaɗan ne a gari, kowa ya san inda kowa ke aiki. Wata za ta kira ki ta ce 'yar uwa don Allah duba min sakamakon maigidan, likita ya ce sai mako mai zuwa. A gida wannan zumunci ne. A nan buɗe fayil ɗin wanda ba aikinki ya kai ki gare shi ba, ko naki ne na kanki, yana iya cin aikinki da rajistarki, kuma na'ura tana rubuta sunan duk wanda ya buɗe. Ki karanta ƙa'idojin Caldicott na tsare sirrin majinyaci, guda 8 ne, ba su da tsawo. Ke da za ki shiga ƙwayoyin gado abin ya fi nauyi, don sakamakon mutum ɗaya yana tona na danginsa. Ki tuna yadda maganar sikila take kafin aure a wurinmu.

Maman Hanif: Wallahi Anti kin taɓo wuri. Ƙin ma da wuya, sai a ce kin zama Baturiya.

Anti Rabi: A ce ɗin. Ki ba ta lambar sashen da ya tura gwajin, ki raka ta in tana tsoro, wannan kin yi zumunci.

Dakta Bashir: Ummi, kada SJT ta cinye miki duk lokaci. Fanni ɗaya ake nema, kuma rubutun fom ɗin yana son shaidar cewa kin san aikin da idonki. Rubuta wa sashen ƙwayoyin gado na asibitin da ke kusa da ke ki roƙi a bar ki ki zo ki gani, ki kuma sa ido a kan ranakun da sassa ke buɗe ƙofa ga masu nema kafin Janairu. Ko aikin mataimakiyar dakin gwaji kika samu ki karɓa, a nan za ki ga irin labaran jarrabawar suna faruwa a gabanki. In bana ba a dace ba ana sake nema, kuma wanda ya daɗe yana aikin yana iya bi ta AHCS a auna ƙwarewarsa da ta STP. Scotland da Wales ma suna da nasu tsarin daban, a duba.

Sagir Injiniya: Ni fa an tayar min da tsimi. Yaya Sadiya, ranar jarrabawar akwai wata dabara?

Yaya Sadiya: Da zarar an turo saƙon zaɓar lokaci ka zaɓa, kada ka bari sai ranar ƙarshe. Sunan da ke katin shaidarka ya zama daidai da na fom, harafi da harafi, masu Muhammad da Mohammed ku kula. Mai buƙatar ƙarin lokaci saboda wata lalura ya faɗa tun a fom da takardarsa. A ciki kuma ka yi aiki da abin da labarin ya faɗa kawai, kada ka ƙara masa naka, irin ai ƙila manajan mugu ne. In ka tsaya gardama da tambaya ɗaya lokaci zai ƙare maka.

Ummi Ƙarama: Allah ya saka da alheri. Yau zan tura wa UK ENIC takarduna. Yaya Sadiya, za ki iya duba min rubutun fom idan na gama?

Yaya Sadiya: Zan karanta in gaya miki inda ban gane ba, amma rubutawa taki ce. Ranar Asabar bayan la'asar ina da sarari, duk mai so ya zo da labari ɗaya da matakai huɗu mu yi musu a kai. Sagir, har da kai.

Baban Khalil: A saka ni a ciki, zan zama babban ma'aikacin da ake jin nauyin yi wa magana.